Takalmin Kawu a Bakin Kogo

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu wata ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, a kan tabarmarsa, fuskarsa na kallon bango kamar yadda ya saba. Ni na je tashinsa sallah. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama sau uku ƙasa-ƙasa, don dokar gidanmu ke nan, ba a girgiza mai barci, ba a ƙwala masa kira. Da na ga bai motsa ba sai na koma kicin na ƙara masa minti goma. Har yau ina tuna minti goman nan, ina yanka albasa ina cewa a raina tsohon nan ya gaji.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a lungunmu na Sharafiyya, nan cikin Jidda. Maza a waje kan kujerun da aka jera bayan magariba, mata a ciki har kan matakala. A kwana ukun nan na gane Kawu ba namu ba ne mu kaɗai. Ɗan Yaman mai gasa burodi a bakin titi ya rufe tandarsa ya zo ya zauna. Wata tsohuwar Balarabiya daga benen da Kawu ya yi gadi, da ƙyar aka hau da ita matakala, ta kama hannuna ta ce duk shekarun da ya yi a ƙofarsu ba ta taɓa jin ƙarar ƙofar ƙarfe da rana tsaka ba, domin tsumma yake naɗa wa sakata saboda masu ƙailula, barcin rana. Maƙwabciyarmu ta ƙasa kuwa, wadda muke ce wa Inna, ba ta iya kuka shiru ba, ko babu kukan ma ba ta iya shiru ba. Ta share hanci ta ce, "Yau dai mai jemagu ya tafi. Wa kuma zai hana mu kunna rediyo da rana?" Mata suka yi dariya da hawaye a ido, ni ma na yi.

A rana ta uku maigidana ya leƙo ya ce wani mutum yana son magana da ni a matakala. Na ja mayafi na fita. Dogo ne, mutumin Chadi, da ƙyar na gane shi: mai kargon unguwar Mahjar ne, wanda a da muke kai wa kaya in za mu aika gida. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya miƙo mini leda. Silifas ne a ciki, na roba, shuɗi, irin na alwala.

Ya ce, "Hajiya, wannan na marigayi ne. Shekara biyu yana wurina."

Ban gane ba. Kuma wanda bai san Kawu ba, ko na faɗa masa abin da mutumin ya gaya mini ba zai gane ba. Bari in fara da Kawun.

Yayan mahaifiyata ne. Daga ƙasar Adar ya fito yana saurayi, ya bi ta Chadi da Sudan, wani wuri a mota wani wuri a ƙasa, da niyyar ya sauke farali ya koma kafin damina biyu. Bai koma ba. Da fari babu takarda, da takardar zama ta iƙama ta samu kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya riƙe, da kafili ya saki gwiwa ta riƙe. Shi ya kawo mahaifiyata nan, shi ya aurar da ita, kuma da ta rasu ina ƙarama shi ya ɗauke ni ya kai wa matarsa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ita ma ta rasu, ya kuma bar gadi, sai ya dawo gidana, ko in ce na roƙe shi wata shida kafin ya yarda.

Sana'ar gidansu a can ba irin wadda ake faɗa a taron biki ba ce. Kashin jemage suke ɗiba. Akwai kogo a jikin dutsen da ke bayan ƙauyensu, tun kakanni nasu ne, suna shiga su kwaso taki a buhu su ɗora wa jakai su kai wa manoman albasa. Ni da aka haifa a Jidda ban taɓa ganin kogon ba, amma na san shi kamar ɗakina. Na san akwai faffaɗan dutse a bakinsa. Na san in ka shiga sai ka sunkuya taku bakwai kafin ka miƙe. Na san dokokinsa, don Kawu yakan jero su ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ana sallama kafin a shiga. Ana cire takalmi a ajiye kan faffaɗan dutsen. Ba a ɗaga fitila sama. In ɗari ya shigo kuwa, jemagun suka cure wuri guda suka yi lamo, to babu mai shiga har sai an ga sun fara fita da kansu, ko da kuwa manoma na tsaye da jakansu. "Mai barci amana ne," in ji Kawu, in ji babansa.

Wannan maganar ita ta mulki gidanmu. Mun sha wuya da ita, ba zan ɓoye ba. Ba a daka bayan azahar. Ba a jan kujera. Wata rana maigidana ya makara wurin aiki har aka yi masa faɗa, saboda Kawu ya ga agogo na ƙara a kusa da kansa ya je ya kashe, wai mutumin nan bai gama ba. Sallah ce kawai ake tashin mutum dominta, ita ma da sallama sau uku daga bakin ƙofa.

Kullum dab da magariba yana saman rufin gida da carbinsa, yana jiran ƙananan jemagun da ke fitowa daga tsohon benen da ke bayanmu su fara shawagi a kan fitilar titi. Yakan ce musu, "Sannunku da fitowa." In na tsokane shi na ce ko sun amsa, sai ya ce, "Danginmu ne ai. Tsuntsu ya ce ba nasa ba ne, ɓera ya ce ba nasa ba ne. Ke da nan ake ce miki Takari, can a ce miki 'yar Makka, me za ki faɗa wa jemage?"

Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya faɗa bahon wankin Inna. Ihun da ta yi sai da ya fito da mutanen bene uku. Ta ɗauko tsintsiya za ta gama da shi, sai ga Kawu ya sauko da ƙafar da kullum yake cewa ba ta son matakala. Ya sa tawul ya tsamo shi, ya tsane shi, ya maƙala shi a jikin wata tsohuwar jallabiyarsa da ke rataye a bayan ƙofa, ya hana kowa shiga ɗakin har faɗuwar rana.

Inna ta ce, "Malam, ɓera ne fa da fiffike!"

Ya ce, "Ɓeran da ke cinye miki sauro kina barci. Kin taɓa yi masa godiya?"

Sati guda ba ta gaishe shi ba. A rana ta takwas ta aiko masa da kunun tsamiya.

A cikin 'ya'yana, ta farin ce ta ɗauko wannan ciwon nasa. Ba na faɗin sunanta, shi kuwa uwargida yake ce mata, irin wasan kaka da jika, ita kuma ta ce masa Sidi kamar yadda yaran Jidda ke faɗa. Tun tana rarrafe take bin sa rufin gida. Da ta yi aure mijinta ya tafi da ita Kanada, ta yi karatu, ta ƙare a cikin masu shiga kogunan dutse lokacin sanyi suna duba lafiyar jemagu. In mata suka tambaye ni aikinta sai in ce tana wajen likitocin dabbobi, in yi sauri in kawo wata maganar. Kawu kuwa har mai burodi ya gaya wa cewa sana'ar gidansu ta tsallake teku.

Daga bakinta muka fara jin labarin cutar jemagu. Ta kira ta bidiyo, na riƙe wa Kawu wayar, na ga idonta ya yi ja. Hausarta dama tafiya take tana tuntuɓe, in ranta ya ɓaci kuwa Larabci ke ƙwace ta.

Ta ce, "Sidi, jemagu suna mutuwa. Wani abu ne abyad, fari, yana fitowa a hancinsu da fiffikensu. Ya Ummi, me ake ce wa abin da ke fitowa a burodi in ya kwana biyu?"

Na ce, "Funfuna."

"Aiwa, funfuna."

Ta yi mana bayani. Jemagun can, in sanyi ya zo ƙanƙara ta rufe ƙasa, babu ƙwaron da za su ci, sai su shige kogo su yi barci na watanni, suna rayuwa da ɗan kitsen da suka tara. Ita wannan funfunar sanyi take so. Sai ta kama su suna barci, ta ci fatar fiffikensu, ta dame su har su farka. Su koma barci, ta sake tashinsu. Kowace farkawa tana cinye kitsen da ya kamata ya kai su bazara. Daga ƙarshe yunwa ta fito da su da rana tsaka cikin ƙanƙara suna neman abincin da babu. Ta ce akwai kogon da ta shiga bara rufinsa baƙi ƙirin da jemagu, bana ta shiga tana neman inda za ta sa ƙafa saboda gawarsu.

Kawu ya ce, "Wato tashinsu take yi."

"Aiwa, Sidi. Tana tashinsu har su mutu."

"Yaya take zuwa daga wannan kogo zuwa wancan?"

Ta ce yawanci jemage ke shafa wa jemage, amma mutum ma yana iya ɗaukarta a tufafi ko a takalmi bai sani ba, har ana zaton ta haka ta tsallaka teku ta je can. Shi ya sa kayan da suka shiga kogo mai cutar ba a kai su wata ƙasa. Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ashe Baba ya san abin da yake yi." Ni a raina na ce kakan nan namu ladabi ne ya sa shi cire takalmi, ina ya san wata funfuna. Amma ban faɗa ba, ranar dai Allah Ya kama bakina.

Yanzu sai laifina, kuma kashi biyu ne.

Shekara biyu da rabi da suka wuce sugan Kawu ya hau aka kwantar da shi asibiti. 'Yar tawa ta taso a gigice, daga wurin aiki sai filin jirgi, mijinta ne ya haɗa mata akwati, ya jefa har da ledar takalmin aikinta, irin na ruwa, dogo har ƙwauri. Da ta buɗe akwati ta gan shi a gidana sai da ta dafe kai. Ta ƙara masa leda biyu ta ɗaure tam, ta ce da shi za ta koma. To ranar komawarta ni na shirya akwatin. Ga yaji, ga kuka, ga daddawa, ga dabino, ga turaren wuta, wuri ya ƙare. Na dubi takalmin nan da ya cinye rabin akwati, na ce yarinya za ta je ƙasar da babu daddawa a bar daddawa saboda roba? Na zare shi na ɗora kan kwaba, ban gaya mata ba. Da ta isa ta kira ni, "Ya Ummi, lesh, don me? To halas, ki bar shi a ɗaure. Kar ki buɗe, kar ki ba kowa." Na ce to. Ta ƙara da cewa watakila zafinmu ya kashe funfunar, amma ba ta da tabbas. Ni "zafi ya kashe" kawai na ji.

Bayan wata shida taubashina ya turo saƙon murya daga Adar. Ɗan ƙanen Kawu ne, shi ya gaji kogon, mutum mai jikoki amma bakinsa bai tsufa ba. Ya ce, "Hajiyar Makka, ana cin shinkafa an manta da talakawa. Bon, kunama ta harbe ni sau biyu bana a cikin kogo. Ko bot ɗin nan na ruwa ba za a ci arzikinku ba?" A Jidda kuwa kowa ya sani, abin da ba a amfani da shi a gida na mutanen gida ne. Tsohuwar abaya, tukunyar da ta lotsa, takalmin da ya matse, duk kwali suke shiga. Na ɗaga kai na ga leda a kan kwaba. 'Yar tawa ƙafar mahaifinta ta ɗauko, babba. Na ce Allah Ya kawo mai rabo. Na sa a kwali tare da sauran kaya, na kai Mahjar, na aika wa taubashina cewa takalmi na hanya.

Ban san Kawu na duba kan kwabar nan kullum ba. Washegari muna cin abincin rana ya ce, "Ina ledar uwargida?"

Na faɗa masa, har da ɗan alfahari.

Ya tsame hannunsa daga kwano. "Yaushe?"

"Jiya da yamma."

"Kayan sun tashi?"

"Ina zan sani, Kawu? Takalmi ne fa. Zafin Adar ko ƙarfe ya sha sai ya yi laushi, balle funfuna. Ita da kanta ta ce watakila ta mutu."

Ya ce, "Watakila ta ce. Kogon ubana ba a shigarsa da watakila."

Ina da baki, kowa ya sani, kuma ranar ina da aikin abincin biki a kaina, ga zafi. Na ce mutum na can kunama na harbinsa shi yana nan yana ta jemage. Na ce tun ina yarinya muke tafiya da sanɗa a gida saboda dokar wani rami. Sannan na faɗi wadda har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina. Na ce, "Kogon da ba za ka ƙara gani ba har ka mutu!"

Ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya ce, "Shi ya sa."

Ya wanke hannu, ya sa farar jallabiya, ya ɗauko takalminsa na Juma'a, na fata, wanda yake shafa wa mai duk daren Alhamis, don a wurinsa mai zuwa roƙo ba ya zuwa a wulaƙance. Ya fita cikin ranar nan. Ban hana shi ba, na shige kicin ina buga tukwane yadda zai ji. Bayan la'asar na ji an buɗe ƙofa a hankali, na ji ya hau rufin gida. Ban fito ba. Da na hau shanya na ga ledar a can, na san ya karɓo. Washegari ya kira jikarsa ta gaya masa yadda ake yi, ya tafasa ruwa a tsohuwar garwa ya jiƙa takalmin ya daɗe, ya shanya, ya sake ɗaurewa. Da ta zo hutu ta tafi da abinta.

Kwana uku daga ina kwana sai ina wuni. A na huɗu na gan shi yana alwala a zaune yana cije leɓe. Na sunkuya na ɗaga ƙafarsa. Tafin duk ya tashi, wani wurin ya fashe.

Na ce, "Innalillahi! Kawu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Zafin Jidda ne."

Na ɗauka ruwan tankin sama ne ya ƙona shi, don a watannin nan ruwan kan fito kamar an sauke daga wuta. Mai suga kuwa ciwon ƙafa ba ya jin magani da wuri. Wata huɗu ina wanke ƙafar nan kowace safiya ina naɗewa, kuma daga lokacin bai ƙara tafiya ba sanda ba. A kan ƙafar muka shirya, ba tare da kowa ya ce komai ba. Ranar Juma'ar farko na nemi takalminsa na fata ban gani ba, ya ce, "Sun yi tafiya." Na ɗauka a masallaci aka ɗauke, na shiga tsine wa ɓarawo. Ya ce, "Kar ki zage shi, ɗan'uwa ne." Taubashina ya turo cewa saƙo ya iso an gode, kunya ta hana ni tambayarsa komai. Kunyar ce ma ta sa na sauya mai kargo. Maganar da na faɗa wa Kawu kuwa, kullum sai in ce gobe zan ba shi haƙuri. Ya yi dariya da ni, ya ci abincina, ya sa mini albarka, sai na ga kamar ba sai na tayar da ita ba. Ban san ko ta warke a ransa ko kwanciya kawai ta yi ba, har ranar Talatar nan.

To ga abin da mai kargo ya gaya mini a matakala, ina riƙe da silifas.

Ya ce Kawu ya iso ana shirin rufe sito don hutun rana. Kwalaye sun kai rufi, da yamma za a loda. Ya ce masa, "Ya Hajji, mustahil, ba zai yiwu ba, kwalinku na can ƙurya." Kawu bai yi musu ba. Ya nemi inuwar bango ya zauna a ƙasa da farar jallabiyarsa, ya ce, "Je ka yi ƙailularka, ɗana, ba zan tashe ka ba. In ka farka ina nan."

"Wallahi Hajiya, na kwanta barci ya ƙi zuwa. Na ce yalla, na tashi."

Suka sauke kwalaye ɗaya bayan ɗaya har suka kai ga nawa. Kawu ya ciro ledar. Sai kuma ya tsaya yana kallon cikin kwalin, ya ce an riga an gaya wa yaron nan takalmi na zuwa, ba zai buɗe ya tarar da wayam ba. Ya cire na ƙafarsa, ya goge su da gefen jallabiya, ya jera su a ciki, ya ce a rufe.

"Na ce masa, to Hajji, sa wannan dogon na cikin ledar mana ka je gida. Ya ce a'a. Ya ce Jidda ƙofa ce, duniya duka nan take takawa ta wuce, ba zai taka ƙasarta da su ba. Na shiga ofis in ɗauko masa silifas ɗina, waya ta riƙe ni, direba ne. Na fito babu shi. Na bi har titi, ya riga ya hau mota. Ban san gidanku ba, ke ma ba ki ƙara zuwa ba. Sai shekaranjiya na ga hotonsa a waya ana sanarwa."

Daga inda mota ke sauke mutum zuwa lungunmu tafiya ce mai ɗan nisa, duk kwalta, kuma a watan nan ko kyanwa ba ta taka ta da rana. Na zauna a kan matakala. Wata huɗu na yi ina wanke ƙafar nan, ina yi masa faɗa a kan ruwan tanki, yana cewa to.

Washegari da safe na kira taubashina. A karon farko tun da na san shi bai tsokane ni ba. Na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce tun kafin kwalin ya iso Kawu ya kira shi. Ya ce masa bot ba zai zo ba, in kunama yake tsoro ya sayi sabo a kasuwa wanda bai taɓa shiga wani kogo ba, ya bar shi a can ciki, kar ya je da shi ko'ina. Na fatar da zai gani a kwalin kuwa, ya sa su ya taka har bakin kogo, ya cire ya ajiye kan faffaɗan dutse kamar yadda kakansa yake yi. Kuma kar ya gaya mini, wai ni baki ne kawai gare ni, zuciyata ba ta da ƙwari.

Na ce, "Bai ce maka komai a kaina ba? Na faɗa masa wata magana ranar."

Ya ce, "Ya faɗa mini. Dariya ma yake yi. Ya ce, 'Yar nan tawa ta ce ba zan ƙara ganin kogon ba, kuma ba ta ƙarya, gaskiya ta faɗa. To ido ya gaza, ga ƙafa na aiko."

Da magariba ta yi a can ya turo mini hoto. Ga faffaɗan dutsen, daidai yadda aka siffanta mini shi tun ina yarinya. Ga takalmin Kawu a jere a kai suna fuskantar ciki, dunduniyar na dama ta cinye ta gefe, yadda na san ta. A bayansu bakin kogo, jemagu na fitowa, sun yi yawa har hoton ya yi dishi-dishi. Na tura wa 'yata. Ta maido da saƙon murya, da fari numfashi kawai ake ji, sannan ta ce, "Ya Ummi, suna da yawa. Lafiyarsu lau."

Silifas ɗin na ajiye su a bakin ƙofar ɗakinsa, inda nake tsayawa in yi sallama. Inna ta hau jiya ta gan su ta ce in bayar sadaka, na ce ta bar su tukuna. Har yanzu ba a daka a gidan nan bayan azahar, kuma babu wanda ya ce a ci gaba da dokar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya yafe mini. Ya sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki fiye da wadda ya taka. Ya tsare masa barcinsa kamar yadda ya tsare na bayinSa, kar wani abu ya tashe shi sai ranar da za a tashi kowa.